Mako Bakwai a Tashar Thane

Jinya ce ta kai mu Indiya a damunar bara, ni da Baffana, ƙanen mahaifina. Likitoci sun tabbatar cewa ciwon da ya daɗe yana fama da shi a maƙogwaro daji ne, kuma sai an yi masa gashi da na'urar asibiti na makonni a jere. Duk wanda ya zo yi mana barka da dawowa labarin asibiti yake tambaya, kuma na ba da shi har na gaji. Wanda ba a tambaye ni ba, kuma shi ya fi zama mini a rai, shi ne labarin tashar jirgin ƙasa ta Thane, wadda muka taka dandamalinta sau biyu a rana, kwana biyar a mako, har aka gama gashin.

Hanyar zuwa ba ta da wani dogon labari. Bizar jinya ga Baffa, ta ɗan rakiya gare ni, sai katin rigakafin shawara da aka duba tun kafin mu hau jirgi. Muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka Mumbai gab da asuba. Jami'in shige da fice ya nemi wasiƙar asibiti, ya daɗe yana kallon Baffa yana kallon hotonsa na fasfo, don ciwo ya riga ya rage shi ƙwarai, sannan ya buga hatimi. Daga nan tasi ya ɗauke mu ya yi arewa, muna ta wuce dogayen gidaje da ruwan sama ya baƙanta, har muka fita daga iyakar Mumbai muka shiga Thane.

Asibitin yana unguwar Parel ne, a tsakiyar birni, amma kuɗin ɗaki a kusa da shi ya fi ƙarfinmu. Wani ɗalibi da aka haɗa mu da shi ta waya ya samo mana ɗaki da kicin a Rabodi, unguwar Musulmi ce a yammacin Thane, akwai masallaci kusa, akwai nama halal. Mai gidan, dattijo ne mai jan gemu da lalle, ya karɓi fasfo ɗinmu ya cike takardar da doka ta wajabta wa duk wanda ya sauke baƙon waje, sannan ya tambaye ni yadda za mu riƙa zuwa Parel kullum. Na ce da tasi. Ya girgiza kai, ya ce in muka yi haka kuɗin mota zai cinye na magani. Ya ce kowa a nan "lokal" yake shiga, haka suke kiran jiragen da ke zirga-zirga tsakanin birnin da garuruwan gefensa.

Washegari keke mai ƙafa uku ya sauke mu a bakin tashar da misalin takwas da rabi. Abin da na fara gani shi ne wani katon bene na siminti da aka ɗora a gaban tashar, motocin bas na gari suna hawa samansa suna sauke mutane, kekuna da masu talla suna ƙarƙashi. Muka hau gadar ƙafa, na leƙa ƙasa, sai gabana ya faɗi. Dandamali goma ne, kuma ban ga ƙasan ko ɗaya ba, kawuna ne kawai da lemomi. Jirgi yana shigowa, tun bai tsaya ba samari suna dira daga ƙofa, wasu suna kama ƙarfe suna afkawa ciki. Taragun ba a rufe ƙofofinsu, a buɗe suke tafiya, mutane na reto a baki kamar tufafi a kan igiya. Tsayuwar ba ta kai rabin minti ba, ya ja, wani ya maye gurbinsa. Jiragen Mumbai na gefen gari suna ɗaukar mutum sama da miliyan 7 a rana, kuma Thane tana cikin tashoshin da suka fi cika. A ranar dai jirgi huɗu suka wuce muna tsaye. Baffa ya riƙe hannuna ya ce, cikin muryarsa da ta dishe, "Ɗana, wannan ba wurin mai ciwo ba ne." Muka fita muka ɗauki tasi, muka yi awa biyu a cunkoso, muka isa a makare, na biya kuɗin da ya ishe mu cefanen kwana uku.

Da dare mai gida ya zaunar da ni ya ɗauko takarda da biro, ya koya mini tashar kamar yadda ake koya wa yaro baƙi. Layin da muke kai shi ne na tsakiya, wanda ya taso daga babbar tashar Chhatrapati Shivaji Maharaj a kudancin birni. Jirage iri biyu ne a kansa: mai sauri, wanda ke tsallake ƙananan tashoshi, da mai nawa, wanda ba ya wuce ko ɗaya. Allon lantarki da ke rataye a dandamali yana faɗin komai da haruffa kaɗan. Harafin farko inda jirgin zai ƙare ne, K na Kalyan, T na Thane, C na Kurla. Sai lokaci, sai F ko S, wato mai sauri ko mai nawa, sai 12 ko 15, yawan taragu ke nan. Ya ce mu mai nawa za mu shiga, kuma kada mu kuskura mu jira wanda ya taso daga Kalyan ko Karjat, don a cike yake zuwa. Akwai waɗanda daga Thane suke farawa, su za mu nema. Ya rubuta mini tashoshin a jere, kuma har yau ina iya kawo su da ka: Mulund, Nahur, Bhandup, Kanjurmarg, Vikhroli, Ghatkopar, Vidyavihar, Kurla, Sion, Matunga, Dadar, sai Parel ta goma sha biyu.

Kuɗin ya ba ni mamaki fiye da komai. Mafi ƙarancin tikiti a taragon talakawa rupi 5 ne, kuma daga Thane har ƙarshen layi, kilomita 34, rupi 15. Tikitin wata guda da muka yanka bai kai rupi 300 ga mutum ɗaya ba, ka shiga sau nawa ka ga dama. Ba shinge a ƙofar tasha, ba mai tare ka. Masu duba tikiti suna tsayawa ne a gindin gada cikin baƙar kwat, su zaɓi wanda suka ga dama, wanda aka kama ba shi da shi ya biya tara nan take.

Amma abin da ya buɗe mana hanya shi ne maganar da mai gidan ya ƙare da ita. Ya ce in na isa dandamali in kasa kunne, zan ji wata ƙara siririya tana maimaita kanta daga saman rufi. An sa ta ne domin makafi su gane inda taragonsu zai tsaya. Wannan ɗan sashe na naƙasassu ne, da mata masu tsohon ciki, da masu cutar daji, kuma a jikinsa an zana keken guragu da hoton ƙaguwa, ita ce alamar cutar. Da safe na bi ƙarar na same ta. Jirgi ya tsaya, ga ƙaguwa a daidai gabanmu. Na tura Baffa ciki ina jan jiki, don ban san ko ni ma an yarda in shiga ba. Wani mutum mai ƙafa ɗaya da ke zaune bakin ƙofa ya dubi zanen da aka yi wa Baffa a wuya don saita na'urar gashi, ya dubi takardun asibiti a hannuna, ya yafito ni da hannu, ya matsa ya ba Baffa wuri. Cikin minti arba'in da biyar muna Parel. Baffa bai ce komai ba sai da muka sauka, ya ce, "Wanda ya yi tunanin ware wa marar lafiya wuri a cikin wannan turmutsitsi, Allah ya saka masa."

Ranakun da nake fita ni kaɗai, karɓo sakamakon gwaji ko sayen magani, taragon kowa da kowa nake shiga, kuma a nan na gane cewa abin da na ɗauka hargitsi ne yana da dokokinsa, ko da ba a rubuta su ba. Bencin mutum uku ne, amma na huɗu yana da haƙƙin ya ce a matsa, a ba shi ɗan gefe ya ɗosana. Wanda ke tsaye yakan tambayi na zaune inda zai sauka, in ya ji kusa ne sai ya kama wurin da baki, kuma ba mai ƙwace masa. Jakarka za ka miƙa, ta bi hannu-hannu har kan ragar kaya, in za ka sauka ta dawo maka haka. Tun saura tasha biyu ake fara matsawa bakin ƙofa, ana tambayar na gaba ko zai sauka, kuma dole ka san ta wane ɓangare dandamali zai zo, dama ko hagu, don in ka tsaya a inda ba shi ba, sai tasha ta gaba. A Dadar da Kurla ba ka sauka da ƙafarka, taro ne ke fitar da kai. Akwai ƙungiyoyin da suka shekara goma suna shiga tarago ɗaya a jirgi ɗaya, sun san 'ya'yan juna ba su taɓa zuwa gidan juna ba. Wasu suna waƙoƙin addininsu da 'yan kuge tun daga Thane har birni. Lasifika kuma tana faɗin tasha ta gaba da harshe uku, Marathi, Hindi da Turanci.

A sashen ƙaguwa muka saba da wani tsoho da ake wa matarsa magani a Parel. Ya ce ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma Turancinsa ya isa mu fahimci juna. Shi ya fara ce mini, da alfahari a fuskarsa, wannan hanyar da muke bi kullum ita ce farkon hanyar jirgin fasinja a duk Indiya. Ranar 16 ga Afrilu 1853, da ƙarfe 3:35 na yamma, jirgi ya tashi daga Bori Bunder, kusa da inda babbar tasha take a yau, ya nufo Thane. Taragu 14, baƙi kimanin 400, injuna uku masu aiki da tururi suna ja, an raɗa musu Sahib, Sindh da Sultan, aka buga igwa sau 21. Kamfanin Great Indian Peninsula Railway ne ya shimfiɗa layin, a zamanin da Dalhousie yake gwamna janar. Thane ce ƙarshen hanya a lokacin, saboda bayanta akwai mashigin teku. Sai da aka gina gada a kansa layin ya isa Kalyan a 1854.

Na fassara wa Baffa, ya yi shiru, sannan ya ce in tambaye shi, Turawan don wa suka yi? Tsohon ya ce don kansu. Auduga suke so ta gangaro daga cikin ƙasa zuwa tashar jiragen ruwa, da hanyar kai soja cikin sauri. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 audugar can ta yanke wa masaƙun Ingila, sai ta Indiya ta yi daraja, Bombay, wato Mumbai ta yau, ta cika da kuɗi. Masaƙu suka yi yawa a Parel da kewayenta, ma'aikata suka kwararo daga ƙauyuka. Birnin kuwa siriri ne, teku ta kewaye shi, ba inda zai faɗaɗa sai arewa, don haka mutane suka bi layin dogo suna gina gidaje. A ranar 3 ga Fabrairu 1925 jirgin lantarki na farko a ƙasar ya tashi daga babbar tasha zuwa Kurla, kuma lantarki ne ya sa jirgi ke iya tsayawa ya tashi da sauri a tashoshin da ke kusa da juna. Masaƙun sun durƙushe bayan babban yajin aikin 1982, yau dogayen ofisoshi na gilashi ne a filayensu, sai ɗaiɗaikun bututun hayaƙi da aka bari. Jikokin masaƙan suna kwana a Thane da Dombivli da Kalyan, suna shigowa aiki da safe. Na yi ta juya wannan a raina, domin mu ma abin da ya faru da mu ke nan: wurin da muke buƙata ya fi ƙarfin aljihunmu, jirgin ne ya sa muka iya kwana nesa da shi mu kuma same shi kullum.

Tashar kanta kasuwa ce da unguwa. Masu gyaran takalma suna zaune a jere a gindin ginshiƙai, suna buga burushi a jikin akwati don kiran ciniki. Akwai rumfunan shayi, da na vada pav, wato dunƙulen dankalin Turawa da aka soya cikin ƙullun wake aka cusa a ɗan burodi da yaji, shi ne karin kumallona kusan kullum, bai wuce rupi 20 ba. Baffa kam tun mako na uku haɗiya ta gagare shi, sai ruwan kwakwa da madara da ruwan shinkafa. Mata suna da taragunsu daban, har da jirage sukutum nasu a lokutan cunkoso, abin da aka fara tun 1992, kuma matar mai gidanmu ta ce a nan ma'aikata mata ke yanka kayan miya a hanyar komawa gida. Wajen Dadar da hantsi muna ganin masu kai abinci da fararen hulunansu, waɗanda sana'arsu ta faro tun 1890, suna loda kwanonin abincin rana a taragon kaya don kai wa mutane ofis. Daga dandamali na tara da na goma wani layi ya tsallaka zuwa Vashi da Panvel, an buɗe shi ga fasinja a 2004. A layinmu kuma akwai jirgi mai na'urar sanyaya ɗaki da ƙofa mai rufe kanta, amma tsadarsa ta sa talaka ba ya waiwayarsa.

Ba zan ɓoye abin da ya dame ni ba. Sama da mutum 2,000 ke mutuwa a kan waɗannan layuka duk shekara, wasu wajen tsallaka diga don gudun hawa gada, wasu faɗowa suke daga ƙofa, wasu turken lantarki ke bugewa suna reto. Wata safiya a Thane na ga ma'aikata huɗu sun ɗauko makara an lulluɓe ta, takalmi ɗaya yana leƙowa. Mutane suka dare suka ba su hanya, suka sake haɗewa, jirgi na gaba ya shigo a kan lokaci. Na kasa cin komai ranar. Gadar ƙafa da ta haɗa Parel da tashar da ake kira Elphinstone Road a da, Prabhadevi a yanzu, ita ce inda mutum 23 suka rasu a turereniya ranar 29 ga Satumba 2017, lokacin da ruwa ya sauko mutane suka cushe a matakala. An ƙara gadoji bayan haka, har soja aka sa suka gina wata, amma duk lokacin da na riƙo Baffa muna saukowa a wurin sai na ji ƙafata ta yi sanyi. Tsari mai arha haka, mai tausayin marar lafiya haka, bai kamata a ce ransa ne talaka ke biyan cikon kuɗin da shi ba.

A mako na biyar ruwa ya kwana yana zuba. Muka samu zuwa asibiti lafiya, amma a dawowa jirgi ya wuce Sion da kaɗan ya tsaya cak. Wurin kwari ne, ruwa ya rufe diga, ba a ganin ƙarfe ko kaɗan. Aka kashe fanka, zafi ya taso, Baffa da aka gasa wuyansa awa guda da ta wuce ya fara haki, ruwan gorarmu ya ƙare. Samari daga sauran taragu suna dira cikin ruwa har gwiwa suna tafiya da ƙafa, mu kuwa ba mai iyawa a cikinmu: makafi biyu, mai ƙafa ɗayan nan, wata mata da magani ya zubar mata da gashin kai, tsohon ma'aikacin jirgi da matarsa, sai mu. Matar nan ta buɗe jakarta ta ɗauko gorar ruwa, ta jiƙa gefen mayafinta ta miƙo mini, ta nuna mini in ɗora masa a goshi, kada in taɓa inda aka gasa. Ta san abin, ta riga mu shiga. Ɗaya daga makafin, mai sayar da jakunkunan saka tikiti ne a gada, ya raba biskit ɗinsa gida bakwai. Da la'asar ta yi Baffa ya ce zai yi salla, ya yi taimama a jikin bangon taragon, tsohon ya duba waje ya nuna masa yamma, don a can alƙibla take, kowa ya yi shiru har ya sallame. Kusan awa uku muka yi kafin jirgin ya motsa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da muka iso Thane bayan magariba, mai gidanmu yana tsaye a gindin gada da lema biyu, tun la'asar yake jira.

Ranar Juma'a ɗaya mun haye gadar mashigin teku zuwa Mumbra, tasha biyu daga Thane, inda Musulmi suka fi yawa, muka yi salla a can. Lahadi kuwa ba ma fita, ranar ce ake rufe wani sashe na layi don gyara, jirage su ragu.

Da aka yi gashi na ƙarshe likita ya ba mu kwana biyar kafin ya sallame mu. Baffa ya ce yana so ya ga inda jirgin farko ya taso. Muka shiga mai nawa da rana tsaka, lokacin da ba cunkoso, muka wuce Parel a karon farko ba mu sauka ba, muka wuce Byculla da Masjid, har tasha ta goma sha takwas. Ginin babbar tashar na dutse ne, mai ƙubba da zane-zane, Frederick William Stevens ya tsara shi, aka yi shekara goma ana gininsa daga 1878. Sunan Sarauniya Victoria yake ɗauke da shi har 1996, kuma a 2004 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. Baffa ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce ginin ya yi kyau, amma mu koma tasharmu.

A hanyar komawa tsohon ma'aikacin jirgi da matarsa suka shigo a Parel. Ita saura mata mako biyu. Na gaya masa jibi za mu tafi gida. Ya kama hannun Baffa da hannu biyu, suka yi ta magana, wannan da Hausa cikin dishasshiyar murya, wancan da Marathi, ba wanda ya nemi in fassara. A Thane muka sauka tare, su suka haye gada zuwa gabas, mu muka yi yamma. Tikitinmu na wata na biyu saura kwana goma sha ɗaya a kansa, Baffa ya karɓi nasa daga hannuna ya saka a aljihun gaba tare da fasfo.